Shekarar da Zulai Ta Daina Durƙusawa

Na tsallake maganar aurarrakinku da haihuwar jikoki na zo kan wannan shekarar ne saboda wata magana da Habibu ya kwaso mini daga kasuwa bayan rasuwar babanku. Wai ana zaune a rumfar masu sayar da waya, sai wani ya ce Malam maɗori mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma fa zuciya gare shi, tunda har 'yar cikinsa ya ƙi ɗora wa ƙafa don ta yi ƙwallo. Habibu, kai da gemunka, aka faɗi haka a gabanka, ka dawo gida kana tambayata ko gaskiya ne. Ban ga laifinka sosai ba. Lokacin kana Duwala wajen lodin kaya, 'yan'uwanka mata kuma kowace na ɗakin mijinta. Ni ce nake gidan ranar, da idona na gani. To ku karanta, ku kuma karanta wa 'ya'yanku, waɗanda Hausar ta yi musu nauyi a juya musu da Sango, yaren ƙasar nan.

Ɗori gado ne a gidanku. Kakan babanku ne ya zo da shi daga ƙasar Katsina, ya zauna da shi a nan yankin Kilomita Biyar tun kasuwar ba ta kai haka ba. Kun san zauren gidanmu na unguwar Yakite, kun san tabarmar, da ƙwaryar man shanu, da tsagaggen gora da fararen ƙyallaye da nake wankewa ina shanyawa a igiya. Abin da ƙila ba ku riƙe ba shi ne dokar zauren: duk wanda aka shigo da shi, ba a mayar da shi. Haka babanku ya karɓa daga nasa uban. A shekarun tashin hankali, lokacin da mutum ba ya fita daga unguwar nan zuwa asibiti sai ya yi sallama da iyalinsa, zaurenmu shi ne asibitin. Musulmi, Kirista, ɗan acaɓa da ya faɗi, tsohuwar da ta zame a bakin rijiya, duk nan ake kawo su. Babanku zai durƙusa, ya rufe ido, ya bi ƙashin da yatsunsa a hankali. Idan ya gano wurin sai ya ce Bismillahi. Kowa a unguwar ya san wannan Bismillahin, daga ita sai ja, sai ihu, sai ɗauri. Bayan nan ba motsi har sai shi da kansa ya kwance. Magana kuwa, ta yini guda ba ta cika cokali ba. Ni ce mai bakin gidan, ya bar mini wannan sashen tun muna amarya da ango.

Zulai ita ce auta, ta zo mana ne bayan mun ɗauka an gama. A gidan nan kowane yaro da safe zai je ƙofar ɗakin babansa ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ya gaishe shi. Ku manyan yadda kuke yi kamar ana korarku, gwiwa ba ta gama taɓa ƙasa ba kun tashi. Ita kuwa Zulai in ta durƙusa sai ta zauna kan dugaduganta ta baje kolin hira: mafarkin da ta yi, wanda ya tsokane ta a makaranta, abin da akuyar maƙwabta ta ci. Shi yana jinta, yana shan shayinsa, in ya rage kaɗan a kofin ya tura mata. Haka suke tun tana tatata har ta shiga jami'a, ƙatuwar budurwa tana shan ragowar shayin uba. Ni har kishi nake, in ce musu to masu hira, ku ba mu wuri za a yi shara.

Ƙwallo kuma tun tana ƙarama take binta a lungu da 'yan maza, ƙwallon leda da aka naɗe da zare. Na yi faɗan har na gaji. Da ta shiga jami'a ta tarar akwai ƙungiyar 'yan mata, shi ke nan, abin nema ya samu. Ta ɗinka dogon wando tana sawa a ƙarƙashin gajeren, ta ɗaure kanta tam da kallabi, kullum da yamma tana fili. Mutane suka yi ta magana. Maƙwabcinmu Alhaji Tanimu ya tare babanku a ƙofar masallaci ya fi sau nawa, wai 'yar Malam guda tana tsalle a gaban jama'a. Babanku bai taɓa ce wa Zulai ki yi ba, bai taɓa ce mata ki bari ba. In ta dawo da kofi ko wata lambar yabo ta nuna masa, sai ya juya abin a hannu, ya ce madalla, ya miƙa mata. Wannan shirun ne ya dame ta. Wata rana tana taya ni ninke atamfofi a rumfata ta kasuwa ta ce:

"Inna, Baba fushi yake yi da ni ne?"

Na ce, "Je ki tambaye shi mana. Ni ce bakinsa?"

Ba ta je ba. Yarinyar da ke gaya masa mafarkinta ta kasa yi masa wannan tambaya guda.

A shekarar da nake ba ku labari gwiwoyi suka fara zuwa zaurenmu. Ta farko Firiska ce, aminiyar Zulai, Kirista ce daga wata unguwa can gaba da tamu, doguwa mai yawan dariya. Zulai ce ta rungumo ta a bayan mashin, gwiwarta ta kumbura suntum. Babanku ya duba, ba karaya, ba gocewar ƙashi. Ya ɗauka targaɗe ne mai tsanani, ya ce Bismillahi, ya shafa mai, ya ɗaure, ya ce ta kwanta. Kumburin ya sace, ta taka ƙafarta, har ta zo da uwarta da kwando cike da ayaba suna ta singila mingi, Papa, wato godiya mai yawa. Ba a daɗe ba aka kawo ta biyu. Kafin rani ya yi nisa aka kawo ta uku. 'Yan matan da duka-dukansu ƙaramar bas ɗaya ke kwashe su zuwa wasa! Kowace aka shigo da ita tambaya ɗaya yake mata, wa ya buge ki, kowace kuma amsa ɗaya take ba shi, ba kowa. Wata rana muna cin tuwon rogo ya ajiye lomarsa ya yi mini doguwar maganar da ban saba ji daga bakinsa ba.

"Maza in an kawo su daga ƙwallo, wani ne ya haure su, ƙwauri ya karye, na san abin da zan yi. 'Yan matan nan ba wanda ya taɓa su. Juyawa kawai ta yi, ko ta yi tsalle ta dira, sai ta ji ƙas a ciki. Me ya sa su, me ya sa ba mazan ba?"

Na ce masa ƙila ido ne, mutane sun sa musu baki da yawa. Ya dube ni kawai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Amsar ta same shi a rumfata. Ya biyo ta kasuwa zai wuce wajen masu gora, sai ga Firiska ta zo gaishe ni. Tana saukowa daga dakalin rumfar ƙafar ta zille mata, da ba ta cafke ginshiƙi ba da ta sha ƙasa. Ta yi dariya irin tata, ta ce haka take mata yanzu, ta ma haƙura da ƙwallon. Babanku ya ce ta zauna a benci. Nan cikin kasuwa, masu turin amalanke na wucewa, ya durƙusa, ya riƙe cinyarta da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin gaba da ɗayan. Wallahi da idona na ga ƙashin ya taho kamar an jawo aljihun tebur. Ya gwada lafiyayyar ƙafar, ita ko gezau. Ya yi mata godiya ya sallame ta. Bai je wajen masu gorar ba, gida ya koma. Da na dawo na tarar da shi zaune a zaure yana kallon tafin hannunsa.

"Akwai wata igiya a ciki da ke riƙe da ƙasusuwan nan biyu," in ji shi. "Ta tsinke. Hannuna ba ya kaiwa can. Na ɗaure 'yar mutane a banza, na ce mata ta warke."

Na ce haba Malam, ai kai ba Allah ba ne. Kwanaki yana tsakurar abinci.

To sai ranar. Ƙarshen rani ne, ƙasa ta bushe ta yi tauri, filin nasu kuwa dama sai maza sun gama tattake shi ake bar musu. Bayan la'asar ina tsakar gida na ji ƙarar mashina da yawa sun tsaya a ƙofa lokaci guda. Na fito na tarar an shimfiɗe Zulai a tabarmar, 'yan ƙungiyarsu sun kewaye ta da kayan wasa a jikinsu, mai horar da su yana tsaye yana share zufa, mutanen lungu kuma sun cika zauren har waje kamar yadda suka saba. Yarinyar da kullum Sango ne a bakinta in tana cikin ƙawaye, ranar da Hausa take kuka, Baba ƙafata, Baba ƙafata. Na ruga na ɗauko man shanu da gora da ƙyallaye na ajiye a gefensa tun bai nema ba. Ya durƙusa.

"Wa ya buge ki?"

"Ba kowa, Baba."

Na ga yadda fuskarsa ta koma. Ya rufe ido, ya bi gwiwar da yatsunsa, ya riƙe cinyar, ya jawo ƙwaurin kaɗan. Zauren ya yi tsit, kowa na jiran Bismillahi. Har mai horarwar ya matso ya danne mata kafaɗu don ya san abin da ke biyowa. Sai babanku ya ɗauke hannuwansa biyu daga kanta ya ɗora su a kan cinyoyinsa.

"Ku ɗauke ta. Wannan ba aikina ba ne. A kai ta asibiti."

Alhaji Tanimu ne ya fara magana. "Malam, 'yarka ce fa."

"Na sani."

"Haba Malam! A zauren nan? Ko ɓarawo aka kawo ba ka taɓa mayarwa ba."

Zulai ta ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe, ta kafe shi da ido.

"Baba, don ƙwallo ne?"

Ya miƙe ya shige cikin gida. Abin da unguwa ta gani ke nan, kuma a kan shi aka gina maganar da ta kai har rumfar masu waya. Abin da ba su gani ba, ni na bi shi a fusace, da niyyar in yi masa tatas. Na same shi a bayan ɗaki wajen randa, ya ɗauki buta zai yi alwala, ruwan na zuba a ƙasa bai ko lura ba. Na ce masa ya fita ya gaya wa mutane dalili, ya gaya wa 'yarsa, me ake da baki in ba don rana irin ta yau ba.

"In na koma zauren nan na ji kukanta, ɗaure ta zan yi," in ji shi. "Hannuna so yake ya ɗaure ta, Rabi. Ki tafi da ita tun ban fito ba."

Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Habibu. Na juya na fita, na ce a ɗauko mota.

Likitan da ya duba ta ya ce jijiyar da ke cikin gwiwa ce ta tsinke, sai an yi aiki, ya ba mu shawarar mu je birnin Yawunde. Can muka tafi ni da ita, ƙafarta a miƙe kan buhunan kayan wani bawan Allah, muka sauka gidan ƙanwata. Likitan can mai yawan bayani ne, yana yi da Faransanci Zulai na juya mini. Ya ce irin wannan ciwon ya fi ganinsa a 'yan mata masu ƙwallo fiye da maza. Ya ce ƙirar ƙugun mace daban ce, in ta dira daga tsalle gwiwarta kan karkata ciki, ga filaye masu tauri, ga takalman da aka yi don ƙafar maza, kuma ba mai koya musu ƙarfafa cinya kafin a jefa musu ƙwallo. Ya ce da an ɗaure ta an ajiye, kumburin zai tafi amma jijiyar ba za ta haɗe ba. Da ta zo nan wurin sai muryarta ta yi ƙasa. Na ce kin ji ko? Ta juya fuskarta bango.

"Ya ɗora wa Firiska, ya ɗora wa kowa," in ji ta. "Ko shafa mini mai bai yi ba, Inna. A gaban mutane."

Na yi mata bayani har bakina ya bushe. Ta ce ni dama kullum kare shi nake yi.

Da aka yi mata aikin muka dawo gida, muka tarar zauren ya yi sanyi. Wasu sun ce fushi ya yi da 'yarsa. Wasu sun ce baiwar ce ta tashi daga hannunsa, tunda ya karya dokar kakanni. Masu karaya suka koma wajen wani maɗori a unguwar Kokoro. Sai in leƙa in gan shi zaune shi kaɗai da carbi, ƙwaryar man shanun a rufe, ƙyallayen a ninke ba wanda ya ɓata su. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na daina bi ta gaban shagon Alhaji Tanimu don kada bakina ya jawo mini. Amma abin da ya fi ci mini rai a cikin gida yake. Da safe Zulai za ta dogara sandunanta zuwa ƙofar ɗakinsa, ta tsaya a tsaye, ta ce Baba ina kwana, ta juya. Da farko ba ta iyawa ne, kowa ya sani. Daga baya ta ajiye sandunan, gaisuwar dai tana nan a tsaye. Ba wanda zai iya ce muku ƙafar ce ta ƙi ko zuciyar, ina jin ita kanta ba ta sani ba. Shi kuma zai amsa, ya shanye shayinsa har ƙasan kofi, abin da bai saba ba.

Gwiwar kuwa ta sandare. Tana miƙewa amma ba ta tanƙwaruwa sai kaɗan. Salla a kan kujera take yi, ita da take da ƙuruciya, ni tsohuwa ina ƙasa ina sujada. Akwai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a cikin gari, Madam Solanj, wadda likita ya haɗa mu da ita. Ta gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in ba a tanƙwara gwiwar nan kullum ba a 'yan watannin nan, haka za ta zauna har abada, ba maganar ƙwallo ba, ko tsuguno ba za ta ƙara yi ba. Wajenta da nisa, ba kullum za mu je ba, dole wani a gida ya riƙa yi. Na gwada. Ina dannawa Zulai ta ƙwalla ƙara, na saki ƙafar na fashe da kuka, ita ce ma ta koma lallashina. Ba ni da wannan zuciyar, kowa da abin da Allah ya ba shi.

Ranar da za mu koma wajen Madam Solanj, mun fito ke nan sai ga babanku a ƙofar gida da babbar rigarsa ta Juma'a. Ya shiga gaban motar. Da muka isa ya gaishe ta da karyayyen Sangonsa, yarinya ce fa da ba ta kai Habibu ba, da wandonta da gajeren gashinta, ya ce mata ta koya masa. Ta san shi, ya taɓa ɗora wa kawunta hannu. Kunya ta kama ta, ta ce haba Papa, ni ce zan koya maka ƙafa? Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa gefen gadon. Sai ta kama hannuwansa ta ɗora su inda ya kamata, ɗaya a idon sawu, ɗaya a bayan cinya, tana ce masa yeke yeke, Papa, wato sannu-sannu, ka kai inda za ta yi kuka, ka ƙara kaɗan, ka tsaya a nan. Ya yi, ta gyara masa, ya sake. Zulai na kife ba ta ko kalle shi ba. A hanyar dawowa ya yi magana yana kallon titi.

"Tun ina yaro nake hana ƙafa motsi. Yau an ce in tanƙwara."

Daga nan kullum da hantsi suna zaure, a kan tabarmar da ya ɗauke hannunsa daga kanta. Ta kife, ya zauna a gefenta, ya shafa man shanunsa, don Madam ta ce ba ya cutarwa, ya ɗaga ƙafar yana kai dugadugin wajen cinya. Tana kuka, tana zagin ƙwallo da Sango, tana zagin filin, tana zagin tabarma, shi kaɗai ne ba ta zaga. Amma ba ta yi masa magana. Ni aka mayar tafinta, ina zaune tsakaninsu da tiren shinkafa ina tsincewa.

"Inna, ki ce masa ya isa."

"Malam, wai ya isa."

"Ki ce mata saura kaɗan."

Na ce ku dai Allah ya shirye ku, ga ku ga juna, sai kun wahalar da ni. In sun gama ya sa yatsunsa ya auna tazarar da ta rage tsakanin dugadugin da cinyar, bai faɗa wa kowa abin da ya samu ba. In an ci gaba dai nakan gane, don ranar yana ƙarin tuwo.

Ana cikin haka damina ta sauka. Wata safiya Firiska ta zo dubiya ta tarar da su a tsakiyar aikin. Ta zauna a bakin tabarma tana yi wa Zulai hira don ta ɗauke mata hankali. Can sai ta ce, da Sango, ita dai ba za ta taɓa manta ranar da Papa ya zo gidansu ba. Na ɗago kai. Wane gidan? Ta ce ai bayan ranar nan ta kasuwa da ya duba ta a benci, washegari ya tako da ƙafa har unguwarsu, yana tambaya gida-gida har ya same su. Ku tuna fa, a lokacin dattijo da hula da gemu irin nasa bai cika ƙetarawa can shi kaɗai ba. Ya zauna gaban uwarta ya ce ɗaurin da ya yi bai warkar da komai ba, su yafe masa, su kai ta wajen likita. Ya nemi a nuna masa gidajen sauran biyun ma, ya je. Duk wannan tun Zulai na gudu a fili lafiyarta lau. Ni matarsa ban sani ba sai ranar. Firiska ta janye zanenta, ta kama ƙwaurinta ta jawo shi gaba, ya zille yadda na gani a kasuwa.

"Kin gani? Da ya ɗaure ki, da irin wannan kika samu."

Babanku ya ɓata rai kamar an kama shi da sata.

"Surutu ya yi yawa. A miƙo mini ƙafar."

Zulai ta cusa fuskarta cikin hannuwanta. Ya ɗaga ƙafar, ya kai inda take kuka, ya ƙara kaɗan, ya tsaya. Kafaɗunta na girgiza, amma ranar ba ta aiko ni da ya isa ba.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya tukuna, don akwai wata safiya da nake so in ajiye muku a ƙarshe. Zulai ta koma fili, ta buga har ta gama karatu, ko da yake gudun bai dawo kamar da ba. Firiska ma daga baya an yi mata aikin. Yanzu ku kuna ganinsu su biyun da yamma da 'yan matan unguwa, suna sa su tsalle da dira da tsuguno har su gaji kafin a ba su ƙwallo, yaran na ƙunƙuni. Zauren babanku bai ƙara cika irin na da ba har ya koma ga Allah. Karaya in ta zo yana ɗorawa. Gwiwar da ba wanda ya buga kuwa, sai ya ce a wuce da ita asibiti, in an yi aiki a dawo masa da ita ya tanƙwara. Bai taɓa tsayawa a ƙofar masallaci ya wanke kansa ba. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, ya ce wadda ya kamata ta sani ta sani.

Safiyar da nake nufi, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk laka. Ina bakin murhu ina ɗumama tuwo, daga nan ina hango ƙofar ɗakinsa. Yana zaune kan buzunsa da kofin shayi. Zulai ta fito ta nufi ƙofar, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ina jiran in ji ina kwanan nan ta tsaye, sai na ga ta kama gefen ƙofar da hannu ɗaya. Ta sauke lafiyayyar gwiwar ƙasa. Ta ja numfashi, ta biyo da mai tabon, a hankali, tana cije leɓe. Na riƙe muciya a sama na kasa motsi. Ta ci gaba da yin ƙasa, ta ci gaba, har ta zauna daram kan dugaduganta, ta saki ƙofar.

"Baba, ina kwana."

Ya ajiye kofin, ya miƙo hannu ya ɗora kan gwiwar, ya rufe ido kamar yadda yake yi wa waɗanda ake shigowa da su zaure. Ya daɗe a haka, yatsunsa na bin tabon. Sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Bismillahi."

Ni dai daga nan ban ƙara gani sosai ba, na ce hayaƙi ne. Na ji ya ce lafiya lau, Auta, Allah ya yi miki albarka. Na ji ƙarar kofin da ya turo mata a kan siminti. Ta ɗauka da hannu biyu ta sha, tana kuka tana dariya, ta fara ba shi labarin wani mafarki da ta yi, wai ta ci ƙwallo da ka, kallabinta ya bi ƙwallon cikin raga. Ya saurare ta har ƙarshe. Tuwona ya kama a tukunya, ina jin ƙaurinsa ban tashi ba. Da hirar ta yi tsawo ya dubi gwiwar, ya miƙa mata hannu ta riƙe.

"Tashi haka nan, yeke yeke," in ji shi. "Kada ki ɓata mini aikina."